Inji Mai Buroshi da Batirin NiMH, ko Maras Buroshi da LiPo: Wanne Ya Dace da Jirgin Koyo?

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Tsakanin haɗin nan biyu da ka ambata domin jirgin rimot ɗinka na farko, wato ƙaramin inji mai buroshi ('yan guntayen da ke gogar sashen inji mai juyawa domin kai masa wuta) da batirin NiMH, mai caji na nikel, a gefe guda, da inji maras buroshi da batirin LiPo, mai caji na lithium, a ɗaya gefen, na biyun za ka saya, babu wani kwana-kwana a ciki. Duka biyun sun bi ta hannuna. Na farko ya ci mini kuɗi da lokaci, na biyu kuwa shi ne ya fara ɗaga mini jirgi sama har na ga cikinsa daga ƙasa.

Mai buroshi yana da arha, wayoyinsa biyu ne kawai, kuma NiMH yana jure sakaci, ba ya saurin kama wuta. Iyakar yabon da zan iya yi musu ke nan. Jirgina na farko da su na haɗa shi, ƙwayar batir takwas masu girman na rediyo, kowace bolt 1.2, jimilla bolt 9.6, kuma duk sa'ad da na cilla shi sai ya yi tafiyar zabuwa, ya ɗan yi firr na taku ashirin sannan ya dungura da hanci. Ƙwayoyin sun yi nauyi, ba sa iya sakin wuta da yawa lokaci guda, injin kuma yana ƙone rabonsa a zafi da tartsatsin buroshi. Har yanzu suna cikin wani gwangwani a ɗakina.

Wanda ya gyara mini lamarin shi ne injin nan maras buroshi da ake rubuta wa 2212, mai KV 1000, wato ma'aunin saurin juyinsa. Lambar ba ado ba ce: 22 tana nufin faɗin ƙarfen da aka naɗe wayar tagulla a kansa milimita 22 ne, 12 kuma tsayinsa. Nauyin injin duka bai wuce giram 50 ba, za ka iya rufe shi cikin tafin hannunka. Irin wanda gangar waje ke juyawa ne, maganaɗisun suna manne a cikin gangar, koyil ɗin, wato naɗin wayar tagullar, yana tsaye a tsakiya ba ya motsi, saboda haka babu wani abu da ke gogar wani in ban da boris, kuma yana da ƙarfin juya babbar farfela kai tsaye ba tare da giya ba. Ranar da na ɗaura shi, da farfela mai inci 10 da batirin LiPo mai ƙwaya uku, na kafa shi a kan katako na ɗora a sikelin kicin, na ga yana jan kusan giram 800, alhali jirgin gaba ɗaya, da batirinsa da komai, giram 950 ne. Washegari bayan sallar asuba, kafin iska ta taso, na je filin ƙwallon da ke bayan unguwarmu. Ban ma cilla shi da ƙarfi ba, tura shi kawai na yi, sai ya zare daga hannuna ya miƙe sama kamar wanda dama jiran izini yake yi, har sai da na rage masa wuta zuwa rabi domin hannuna ya daina rawa. Wani dattijo da ke wucewa a kan keke ya tsaya, ya dafa ƙasa da ƙafa ɗaya, bai tafi ba sai da jirgin ya sauka cikin ciyawa. Wannan injin ya faɗi ƙasa ya fi sau talatin tun daga ranar, na canza masa sanda sau ɗaya, kuma har gobe yana aiki.

Abin da ke ruɗar masu farawa shi ne KV, domin suna ɗauka mai babbar lamba shi ne mai ƙarfi. Ba haka ba ne. KV yana faɗa maka sau nawa injin zai juya a minti ɗaya a kan kowane bolt guda idan babu farfela a jikinsa, don haka mai KV 1000 a kan bolt 11.1 zai yi juyi wajen 11,000, mai KV 2200 kuwa zai haura 24,000. Mai saurin juyi ƙaramar farfela yake so, kamar inci 5 ko 6, kuma jirgi mai gudun tsiya yake haifarwa, wanda zai ɓace maka kafin ka tuna wane yatsa ke juya shi dama. Idan ka yi kuskuren ɗaura masa farfela mai inci 10, zai ja wutar da ta fi ƙarfinsa, koyil ɗin ya yi baƙi, ka ji ƙauri. Mai koyo jirgi mai tafiya a hankali yake buƙata, wanda zai ba shi damar yin kuskure ya gyara, kuma wannan aikin babbar farfela ce mai juyi a natse. In fukafukan jirginka sun kai mita ɗaya zuwa mita ɗaya da santimita 30, KV 1000 da farfela 10x4.5 ko 9x5 (lambar farko tsawonta ne a inci, ta biyu kuma karkatar fukafukanta) sun wadatar. In ƙafafunsa gajeru ne har farfela mai inci 10 za ta taɓa ƙasa, ka ɗauki KV 1400 da farfela mai inci 8. Ma'aunin da nake bi shi ne a samu wat 150 ko sama da haka kaɗan ga kowane kilo na jirgin koyo, kuma wannan haɗin, da ke jan amfiya 12 zuwa 13 a cikakkiyar wuta, daidai nan yake faɗawa.

Batirin kuma ka nemi wanda aka rubuta wa 3S 2200mAh, wato mai ƙwaya uku, 2200mAh kuma yawan wutar da yake ɗauka ne. Kowace ƙwayar LiPo bolt 3.7 ce a suna, tana kai 4.2 idan ta cika, shi ya sa ƙwaya uku ake kiransu bolt 11.1 amma mita za ta nuna maka 12.6 bayan caji. Nauyinsa yana tsakanin giram 170 da 200, wato ya fi waɗancan ƙwayoyi takwas ɗin sauƙi, ya kuma fi su ɗaukar wuta da sakinta. Lambar da ke da C a gabanta ita ce ke nuna yawan wutar da zai iya bayarwa lokaci guda: ka ninka ta da 2.2, wato 2200 ɗin nan an raba shi da dubu, sai ka ga mai 25C yana alkawarin amfiya 55, wanda ya ninka buƙatarka har sau huɗu, don haka kada wani ya ja ka zuwa mai 80C ko 100C a kan ƙarin kuɗi. Kada kuma kwaɗayin daɗewa a sama ya sa ka ɗauki 5000mAh, domin nauyin da zai ƙara zai tilasta wa jirgin gudu kafin ya iya tsayawa a iska, ranar faɗuwa kuma wannan nauyin ne zai fasa hancin jirgin daga ciki. Da babba guda ɗaya gara matsakaita guda biyu. Kowanne zai ba ka minti goma ko ɗan fiye idan kana tafiya a rabin wuta, kuma minti goma ga wanda ke koyo dogon zango ne, wuya ma za ta gaji da kallon sama kafin batir ya gaji.

Wani amfanin wannan girman shi ne daidaita jirgi. Batir ne abu mafi nauyi a ciki, da shi ake gyara ma'auni. Ka ɗora jirgin a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fukafukai, wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na faɗin fiffike daga gaba, ka yi ta matsar da batirin har hancin ya ɗan sunkuya kaɗan, sannan ka ɗaure shi tamau yadda ba zai zame ba. Jirgin da jelarsa ta fi nauyi ba ya jin magana, ko wane irin inji ka sa masa.

Tsakanin batir da inji akwai na'urar sarrafa gudu, wadda ake kira ESC, kuma ta maras buroshi daban take da ta mai buroshi, ba sa musanya. Ka ɗauki mai amfiya 30 wadda ke da BEC a cikinta, wato sashen da ke rage wuta zuwa bolt 5 domin ciyar da na'urar karɓar saƙon rimot da ƙananan injinan servo masu motsa jela. Wayoyi uku ne ke fita daga gare ta zuwa inji, kuma idan ka ga injin yana juyawa baibai, ka musanya kowaɗanne biyu daga cikinsu, shi ke nan. Duk wannan gwajin ka yi shi farfela tana cire. Ina da tabo a ɗan yatsana na hagu da ke tuna mini da wannan.

Inda NiMH ya fi LiPo gaskiya shi ne haƙuri, saboda haka dole ka karɓi LiPo da sharuɗɗansa. Ba a cajinsa sai da cajar da aka yi dominsa, mai ramin da ake soka ƙaramin farin fulogin nan da ke daidaita ƙwayoyin uku, kuma a amfiya 2.2 ko ƙasa da haka. Ba a barin ƙwaya ta sauka ƙasa da bolt 3.3 yayin da jirgi ke sama, ni ma ina sauko da jirgi tun tana wajen 3.5, kuma akwai wata 'yar ƙararrawa mai arha da ake maƙala wa farin fulogin, tana ihu idan wuta ta yi ƙasa. Idan za ka ajiye shi fiye da 'yan kwanaki, ka bar kowace ƙwaya a wajen bolt 3.8, kada ka ajiye shi cike. Zafinmu na bazara babban abokin gabarsa ne, musamman cikin motar da aka rufe a rana a watan Afrilu. Ni a cikin tsohuwar tukunyar ƙasa nake caji, da yashi a gindinta, a kan siminti a tsakar gida, nesa da katifa da labule, kuma ba na barin wurin sai ya gama. Yawancin waɗannan cajojin suna karɓar bolt 12, don haka ko an ɗauke wuta batirin mota zai yi maka aikin. Batirin da ya kumbura kamar burodi, ko ya lanƙwashe a faɗuwa, ya gama aiki, kada ka tausaya masa. Shi kuma injin, abin da yake nema a wurinka kaɗan ne: duk ranar da ya dungura cikin yashi, maganaɗisunsa za su tsinci baƙin garin ƙarfe da ke cikin ƙasa, ka ji yana ƙarar gurza idan ka juya shi da hannu, sai ka cire gangar ka goge da tsohon buroshin haƙori, ka ɗebe sauran da salatif kafin ka sake ba shi wuta.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa maka, domin a nan ne kuɗin mutane ke salwanta: masu sayar da waɗannan kayan ba duka ne masu tsoron Allah ba. Na taɓa sayen batir a hannun wani mai talla a intanet, an rubuta masa 2200mAh da 60C, da ya iso na ɗora a sikeli na ga giram 120, caja kuma ta ƙi zuba masa fiye da rabin abin da aka rubuta. Takarda ba ta ƙin tawada, amma sikeli ba ya ƙarya. Kafin ka biya, ka sa a auna maka nauyinsa, a kuma soka mita a gabanka ka ga ƙwayoyin uku suna kusa da juna, a wajen bolt 3.8, idan ɗaya ta yi nisa da 'yan'uwanta, ko ka ga an sake naɗe batirin da sabuwar leda, ko gefensa ya yi taushi idan ka matsa, ka ajiye musu kayansu. Akwai cajojin jabu masu ɗauke da sunan kamfanonin kirki, waɗanda ke wuce bolt 4.2 ba su tsaya ba, don haka cajin farko ka bi shi da mitarka. Akwai kuma masu cewa ka haɗa ƙwayoyin 18650, irin na cikin batirin kwamfutar tafi-da-gidanka, su nuna maka masu rubutun 9900mAh. Ƙwayar 18650 ta gaskiya ba ta cika wuce 3500mAh ba, nauyinta kuma wajen giram 45 ne, waɗancan kuwa za ka ji su fayau a hannu. Ko na gaskiyar ma, waɗanda aka ciro daga tsohuwar kwamfuta ba a yi su domin jan amfiya 13 ba, wuta za ta faɗi daidai lokacin da jirgi ke neman tashi. Masu kyau a cikinsu suna da amfani ga jirgin dogon zango, amma wannan zancen wata rana ne.

Don haka abin da za ka rubuta a takardar sayayyarka shi ne inji 2212 mai KV 1000, ESC mai amfiya 30 da BEC, batirin LiPo 3S 2200mAh guda biyu masu babban fulogin haɗa batir da ESC da ake kira XT60, caja mai daidaita ƙwayoyi, ƙararrawar batir, da farfela 10x4.5 aƙalla guda shida, domin a makon farko farfela ce za ta riƙa karyewa, kuma babu takaici irin a je fili da sassafe a dawo saboda rashin farfela guda. In kuɗin bai kai duka ba, ka rage batir ya zama ɗaya, amma kada ka rage a kan caja. Idan ka gama haɗa gangar jirgin, ka ɗora ta a sikeli ka gaya mini nauyinta da tsawon fukafukanta, domin in jimillar za ta haura giram 1,200 to wannan injin ya yi mata kaɗan, sai mu duba 2216 ko wanda ya fi shi.