GitHub Copilot a idon wanda yake duba kod ɗin mutane

Yawancin masu yabon Copilot, wato mataimakin AI ɗin nan da ke rubuta wa mutum kod, ko zaginsa daga ɓangaren mai rubuta kod suke magana, ni kuwa ta ɗaya ɓangaren zan kalle shi, ɓangaren wanda ake turo wa gyara a buɗaɗɗiyar manhaja, wadda kowa ke iya ganin kod ɗinta ya kawo gyara, ya zauna ya karanta ya ce wannan ya shiga wannan kuma a'a. Ina cikin masu kula da wani ɗan ƙaramin laburare na Python, wato tarin kod da wasu ke ɗauka su yi aiki da shi, aikin sa kai ne, ba mai biyan mu ko sisi, kuma ina amfani da Copilot ɗin da kaina, dan haka ba maganar wanda bai taɓa ba nake yi.

GitHub, shafin da ake ajiye kod ana aiki tare, sun fito da shi na gwaji a 2021, a 2022 suka fara sayar da shi dala 10 a wata, ɗalibai da masu kula da manyan ayyuka kyauta, sai ƙarshen 2024 suka buɗe wa kowa na kyauta mai iyaka, ya ƙarasa maka kod sau 2,000 da saƙon hira 50 a wata. Toh daga nan ne fa ƙofa ta buɗe gaba ɗaya, duk mai akawun yana da mai rubuta masa.

Gaskiya a wajen aikin gajiya ba laifi, ya iya. Rubuta tes na gwada kod, bayanin abin da wani yankin kod yake yi, sauya sunan abu a wurare da yawa, irin aikin da kana yi kana hamma, wannan kam yana sauke min shi cikin ɗan lokaci. Akwai kuma mai duba gyara da suka saki a 2025, kana sa shi a PR, wato gyaran da aka turo ana neman a karɓa, kamar yadda zaka sa abokin aikinka, ya karanta ya bar sharhi a kan layuka. Yana kama ƙananan abubuwa, harafin da ya faɗi, fayil ɗin da aka buɗe aka manta ba a rufe ba, abin da aka shigo da shi ba a yi amfani da shi ba. Abun da ya fi burge ni shi ne sharhi kawai yake bari, baya danna amincewa, sa hannun yana nan a wuyan mutum. Wanda ya tsara hakan ya yi tunani wallahi.

Amma fa iyakarsa kenan. Bai san dalilin da ya sa muka ƙi wata hanya shekarun baya ba, bai san akwai masu tsohuwar sigar Python da muka yi wa alkawarin ba za mu karya musu aiki ba, kana iya rubuta masa wasu ƙa'idoji a fayil ɗin copilot-instructions.md ya riƙa bi, yana taimakawa, sai dai tarihin aiki ba ya shiga fayil guda.

Inda abun yake ci min tuwo a ƙwarya shi ne rubutu ya yi arha amma karatu yana nan da tsadarsa. Da can in mutum ya turo layi ɗari uku ka san ya kwana a kai, in ka tambaye shi me yasa ka yi haka a nan zai amsa ko da amsar ba daidai ba ce. Yanzu minti biyar ya isa a haɗa layi ɗari ukun, da bayani mai tsari da kanun magana da komai, kod ɗin tsaf a ido, ni kuma sai na kashe yammacina ina bin sa layi layi, in na yi tambaya sai a kwafe ta a kai wa na'ura a kwaso amsa a liƙa min, wani har da gaisuwar da na'urar ta yi masa a sama bai goge ba. Wannan ba laifin kayan aikin ba ne, halin mai riƙe da shi ne, kuma ba Copilot kaɗai ake yi da shi ba. Daniel Stenberg, mai kula da curl, wata buɗaɗɗiyar manhajar tura bayanai ta intanet, tun Janairun 2024 yake kuka da rahotannin matsalar tsaro na ƙarya da AI ke ƙagowa, a ambaci abin da babu shi sam a cikin kod ɗin, su kuma dole su bincika saboda maganar tsaro ba a wasa da ita. Shi ɗin dai kuma a 2025 ya yaba wa wani mai bincike da ya yi amfani da irin kayan nan ya tono kurakurai na gaske a curl. Shi mai binciken ya tantance kafin ya turo, bambancin kenan.

Sai maganar lasisi, wato sharuɗɗan amfani da kod ɗin wani, wadda ita ce ta fi raba kan mutane. An horar da irin waɗannan na'urori da kod ɗin jama'a mai lasisi iri iri, har da GPL mai sharaɗin duk abin da ka gina a kai ka bar shi a buɗe, kuma tun Nuwamban 2022 aka shigar da ƙara a Amurka kan GitHub da Microsoft da OpenAI a kan wannan batu. Ayyuka da yawa suna bin tsarin DCO da Linux suka kawo a 2004, layin Signed-off-by ɗin nan da kake sawa a ƙasan gyaranka, ma'anarsa ka shaida kai ka rubuta ko kana da haƙƙin bayar da shi. Toh in na'ura ce ta rubuta, me ka shaida? Manyan ayyukan buɗaɗɗiyar manhaja kowa da matsayinsa, a kan wannan tambayar QEMU suka ce a 2025 ba za su karɓi kod ɗin AI ba. Gentoo sun riga su, tun Afrilun 2024 suka hana, NetBSD kuma suka ce irin kod ɗin gurɓatacce ne a wajensu sai manyan aikin sun ba da izini a rubuce. Fedora su kuma a Oktoban 2025 suka ce ka yi amfani da shi amma ka faɗa, kuma alhakin komai a kanka yake.

Ni ra'ayin Fedora ya fi kwanta min, ba dan hujjar masu hanawa ba ta da ƙarfi ba, sai dan ban ga yadda za a yi a gane ba in mutum ya yi shiru, dokar hani mai gaskiya kaɗai take kamawa. Mu ƙa'idar da muka rubuta a aikinmu gajera ce, ka faɗi da me ka yi, ka gwada a kwamfutarka kafin ka turo, ka iya kare kowane layi da bakinka, gyara ya zama ƙarami. Wanda ya kasa amsa tambaya sai mu rufe gyaransa cikin mutunci.

Wa ya dace da shi? Wanda ya riga ya iya karanta kod kam zai more, kuɗinsa ba su tafi a banza ba. Sabon shiga da ke son sunansa ya fito a babban aiki, ɗan'uwa ka sa shi ya riƙa yi maka bayanin kod ɗin da ka tarar, ya fi maka amfani nesa ba kusa ba da ya rubuta maka sabo. Kuma kafin ka turo wa kowa komai ka leƙa saitin ka kunna tacewar da ke toshe shawarar da ta yi daidai da kod ɗin jama'a, tana gwada kusan haruffa 150 ne da abin da ke GitHub, kwafi na kai tsaye take kamawa, wanda aka ɗan sauya masa sunaye zai iya wucewa.