Sharhi: Masu duba lafiyar gida kafin a sa shi a kasuwa

Duk mai niyyar sayar da gida ya fara kiran injiniyan da zai duba masa shi da kuɗin aljihunsa, kafin mai saye ya kawo nasa. Wannan ne ra'ayina bayan na yi amfani da wani kamfani mai irin wannan aikin, kuma gaskiya sun burge ni, duk da akwai inda ban ji daɗinsu ba zan faɗa a ƙasa.

Tun a waya suka ce kar in taɓa fenti sai sun zo. Dalilinsu shi ne sabon fenti yana rufe tabon lema da tsagewar bango, amma ba ya rufe wa na'ura ido, suna da wani ɗan mita da ake dangwalawa a bango ya nuna danshin da ke cikin filasta, to in mai duba na ɓangaren mai saye ya ga sabon fenti a kan bango mai lema shi kenan ya fara zargin kana ɓoye wasu abubuwan ma.

Inda suka fi daɗewa wajen wutar lantarki ne, kuma nan ne na ga kuɗina bai tafi a banza ba. Mutumin ya buɗe akwatin bireka ya haska da kyamara mai ganin zafi, sai ga waje ɗaya ya yi ja, ashe sukurun ne ya yi sako-sako wayar na ɗumama a hankali ba wanda ya sani, irin abin da ke kawo gobara cikin dare kenan. Ya bi soket ɗaya bayan ɗaya da abin gwaji, ya samu wasu ba a haɗa musu wayar ƙasa ba kwata-kwata, wato wadda ke kai wuta cikin ƙasa don kada ta ja mutum, a kicin kuma an ja soket da waya mai kaurin 1.5mm wadda ta fitila ce, alhali ta soket 2.5mm ake sawa. Ya kuma ce in sa bireka mai yanke wuta da kansa in ta fara zurara, mai 30mA, musamman a layin banɗaki da hita. Wallahi ban taɓa ganin mai gyaran wuta ya tsaya yana min bayani dalla-dalla haka ba, ba gaggawa ba ɗaga murya.

Gas bai ɗauki lokaci ba. Ruwan sabulu ya shafa a mahaɗar tiyo da kan tukunya, ba kumfa, amma tiyon ya bushe ya fara tsattsagewa ya ce a canza.

Na'urar jin hayaƙi ta silin ya sauke ya juya bayanta ya nuna min ranar da aka ƙera ta, ya ce ko tana ƙara in an danna, in ta kai shekara 10 sabuwa ake sawa. Ya ƙara da a sa mai jin iskar kabon monosaid, wato iska mai guba da ke fita in abu na ƙonewa, kusa da ɗakunan kwana, tunda ita ba ta da wari ba ta da launi. Abin kashe gobara kuma allurar mitarsa ta sauka daga kore, wato ƙarfin iskarsa ya ragu. Wani abin da ya tsaya min a rai, ƙarafunan taga, ya tambaye ni in wuta ta tare ƙofa ta ina yara za su fita? Ya ce aƙalla taga ɗaya a kowane ɗakin kwana ta zama ana buɗe ta daga ciki. Dan Allah ko ba sayarwa za ku yi ba ku duba wannan.

Tsagewar bangon da nake ta fargaba ya ce ta filasta ce kawai, siririya kamar gashi. Wadda ake tsoro ita ce mai faɗi da ke tafiya a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa.

Yanzu abin da ban so ba. Rahoton da suka turo ya yi tsawo, cike da kalmomin injiniyoyi, kuma sun cakuɗa abin da ke da haɗari da wanda kwalliya ce kawai, hannun ƙofa mai lilo yana layi ɗaya da wayar da ke zafi, sai da na sake kiransu suka ware min na gaggawa. Sannan sun yi ta matsa min in ba ma'aikatansu gyaran, ni kuma a ganina wanda ya duba bai kamata ya zama shi zai ci kuɗin gyara ba, sai na kira nawa masu aikin na ajiye rasit ɗin komai da hotuna kafin da bayan gyara.

Da mai saye ya kawo nasa mai duban, na miƙa masa rahoton da rasit tun a bakin ƙofa, abin da ya samu ƙari bai wuce famfo mai ɗiga ba, ba a samu abin fakewa a rage farashi ba. Zan ba su tauraro 4 cikin 5, in kun kira su ku ce tun farko a rubuta muku na gaggawa daban.