Neman Lauya da Bin Shari'ar Laifi a Wani Ƙaramin Birnin Amurka

'Yan uwa da abokan arziki, bayan gaisuwa mai yawa, a wannan karo zan ba ku rahoto a kan abin da ba ku cika tambayar mu mazauna waje ba. Kun fi tambayar kuɗin haya da albashi da farashin mota, alhali duk wanda aka taɓa buga wa waya cikin dare aka ce ɗansa yana hannun 'yan sanda a ƙasar da ba tasa ba, ya san cewa a wannan sa'ar babu abin da ya fi lauya muhimmanci. Ina zaune a Oshkosh, wani ƙaramin birni mai mutum wajen dubu 66 a bakin tafkin Winnebago, cikin jihar Wiskonsin, kuma nan ne mazaunin kotun gundumar. Na sha raka baƙi 'yan Afirka waɗanda Turancinsu bai nuna ba zuwa wannan kotu, kuma abin da na fahimta shi ne bin shari'a a nan yana da sauƙi ƙwarai, samun lauyan da ya dace kuwa yana da wuya da tsada. Ku lura cewa kowace jiha a Amurka tana da dokokinta na laifi, don haka bayanina na Wiskonsin ne.

Zan fara da ɓangaren da ya fi burge ni. Da zarar mai gabatar da ƙara ya shigar da tuhuma, shari'ar tana samun lamba, a saka ta a shafin intanet na kotunan jihar, wanda mutanen nan ke kira CCAP. Kowa na iya rubuta sunan mutum ya duba kyauta, daga dukkan gundumomi 72 na jihar. Za a ga laifin da ake tuhumarsa da shi, sunan alƙali, sunan lauyansa, sharuɗɗan beli, abin da aka yi a zaman da ya wuce, da rana da sa'ar zama na gaba. Lambar da kanta tana bayani: idan akwai haruffan CF babban laifi ne, idan CM ne ƙaramin laifi ne. Duk wanda ya taɓa yin sintiri tsakanin caji ofis da kotun majistare a gida yana neman inda fayil ɗin ɗan uwansa ya maƙale, ko ya biya kuɗin mota daga ƙauye ya iso ya tarar an ɗage zama ba tare da an sanar da kowa ba, zai gane darajar wannan tsari. Uwa tana zaune a ɗakinta za ta san ranar da za a kawo ɗanta gaban alƙali, ba ta nemi alfarmar magatakarda ba, ba ta ba kowa na goro ba. Ƙofar kotu ma a buɗe take, sai dai shari'ar yara. Mutum ya bi ta na'urar bincike ya shiga ya zauna, ba wanda zai tambaye shi wa ya aiko shi.

Wannan buɗewar tana da nata ciwon, kuma na gan shi da idona. Masu gidajen haya suna duba shafin kafin su ba da ɗaki, masu ɗaukar aiki ma haka. Shari'ar da aka kora ko aka wanke mutum a cikinta tana zama a shafin har shekara 2 kafin a cire ta, wadda aka same shi da laifi kuwa tana daɗewa shekaru masu yawa. A gari ƙarami, inda baƙar fata da baƙon suna ba sa ɓuya, wannan nauyi ne babba a kan saurayin da ya yi kuskure sau ɗaya.

Game da lauya, doka ta yi alkawari mai kyau. Tun hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na shekarar 1963 a shari'ar Gideon, wajibi ne jiha ta ba wanda ake tuhuma da babban laifi lauya idan ba shi da halin ɗauka, daga baya kuma aka faɗaɗa wannan zuwa duk laifin da zai kai mutum kurkuku. Wiskonsin tana da ofishin lauyoyin gwamnati masu kare marasa hali, kuma ba su tambayar ko mutum ɗan ƙasa ne. Abin da suke dubawa shi ne abin da yake samu da abin da ya mallaka. A nan ne matsalar ma'aikacin masana'anta take: albashinsa ya wuce mizanin talauci da aka sa, amma bai kai ya ɗauki lauya mai zaman kansa ba. Akwai mafita da mutanenmu da yawa ba su sani ba, wato ya roƙi alƙali ya naɗa masa lauya a kan kuɗin gunduma, shi kuma ya riƙa biyan gundumar kaɗan-kaɗan daga baya. Sai an roƙa ake samu.

Ko wanda ya cancanci lauyan gwamnati ma yana iya jira. Ofishin ba ya iya ɗaukar dukkan shari'o'i, don haka yana miƙa wasu ga lauyoyi masu zaman kansu, kuma shekaru da dama abin da ake biyan su dala 40 ne a awa, mafi ƙaranci a duk ƙasar. An ɗaga shi zuwa dala 70 a 2020, sannan zuwa dala 100 a 2023, amma lauyoyin da suka bar wannan aiki ba su dawo gaba ɗaya ba, musamman a ƙananan garuruwa da karkara. A shekarar 2022 har ƙara aka shigar a gundumar Brown, wadda ke arewa maso gabas da mu, a madadin mutanen da suka yi makonni ko watanni suna jiran a ba su lauya. Idan na tuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen gyaran hali a Najeriya masu jiran shari'a ne, kuma Hukumar Ba da Agajin Shari'a da aka kafa tun 1976 ba ta da isassun lauyoyin da za su kai ga kowace ƙaramar hukuma, sai in ga cewa ciwon iri ɗaya ne, girmansa ne ya bambanta. A nan ana lissafin jiran da makonni da watanni, a gida kuwa akwai wanda ya shekara da shekaru.

Wanda zai ɗauki lauya da kuɗinsa ba zai rasa inda zai fara ba. Lauyoyin Amurka suna tallata kansu a allunan bakin hanya da rediyo da talabijin, abin da ƙa'idar aikin lauya a Najeriya ta taƙaita sosai. Ƙungiyar lauyoyin jihar tana da layin da ake kira a haɗa mutum da lauya, kuma ana iya duba ko lasisin lauya yana aiki, da ko an taɓa ladabtar da shi. Amma yawancin masu manyan allunan nan lauyoyin haɗarin mota ne, waɗanda ke cewa ba za a biya su ba sai an ci nasara. A shari'ar laifi doka ta hana irin wannan yarjejeniya. Kuɗi ake ajiyewa tun farko, dubban daloli, kuma idan shari'ar za ta kai ga sauraron shaidu sai a ƙara wani. Shawarata ga kowa ita ce ya nemi yarjejeniyar a rubuce, ya tambayi abin da kuɗin ya ƙunsa da abin da bai ƙunsa ba, ya kuma tambayi lauyan ko ya saba tsayawa a wannan kotu. A ƙaramin gari lauyoyin laifi 'yan kaɗan ne, sun san alƙalai da masu gabatar da ƙara, sun san halin kowa, kuma wannan sanin yakan fi babban suna daga Milwaukee, birni mafi girma a jihar, amfani.

Beli ma ya sha bamban da namu. Ba a neman ma'aikacin gwamnati mai wani mataki ko mai takardar fili ya tsaya wa mutum. Ko dai a sake shi a kan sa hannunsa, ko a yanka kuɗin da zai ajiye a kotu. A yawancin jihohi akwai 'yan kasuwar beli da ke tsaya wa mutum su karɓi kashi 10 cikin 100 na kuɗin belin, wanda ba ya dawowa, amma Wiskonsin ta hana wannan sana'a tun 1979. Abin da ke kayar da mutanenmu shi ne sharuɗɗan belin. Idan alƙali ya ce kada ka kira wance, ko kada ka sha giya, ko kada ka tuƙa mota, karya wannan sharaɗi sabon laifi ne mai zaman kansa, ko da daga baya an wanke ka daga na farkon.

Akwai wani abu da nake roƙon masu shirin zuwa su riƙe da kyau. A gida mun saba da sulhu: dattawa su shiga tsakani, wanda aka yi wa laifi ya ce ya yafe, a janye ƙara. A nan mai ƙarar ita ce jiha. Idan rikici ya tashi tsakanin miji da mata, maƙwabci ya kira 'yan sanda, kuma suka ga alamar duka, a mafi yawan lokuta doka ta tilasta musu su kama wani, sannan a hana shi kusantar gidan na awa 72 sai idan ɗaya ɓangaren ya sa hannu ya ɗage hanin. Matar ba ta da ikon janye tuhumar ko ta yi kuka gaban alƙali, kuma dattijon da ya je ya lallashe ta kada ta ba da shaida yana iya jawo wa kansa tuhumar tsoratar da shaida. Haka kuma yaro ɗan shekara 17 a wannan jiha kotun manya ake kai shi.

Mafi yawan shari'o'i ba sa kai wa gaban mutum 12 da ake zaɓowa daga cikin jama'a su yanke ko an yi laifi. Fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda ake samu da laifi a Amurka amsa laifin suke yi bayan ciniki tsakanin lauyansu da mai gabatar da ƙara, a rage tuhuma ko a nemi sassauci. Dokar gudanar da shari'ar laifi ta Najeriya ta 2015 ta tanadi irin wannan, amma a gida an fi jin sa a shari'ar manyan masu kuɗi. A nan shi ne abincin yau da gobe. Kuma nan ne haɗari mafi girma yake ga wanda ba ɗan ƙasa ba. Tayin da zai yi wa Ba'amurke daɗi, wato ya amsa laifi ya biya tara ya koma gida ba tare da kwana a kurkuku ba, shi ne zai iya sa a tasa ƙeyar mai takardar zama ta dindindin zuwa ƙasarsu, musamman idan laifin ya shafi ƙwaya, sata, bindiga ko dukan iyali. Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Padilla a 2010 cewa dole lauya ya faɗa wa wanda yake karewa wannan haɗari, kuma alƙalan Wiskonsin suna karanta gargaɗi a kansa kafin su karɓi amsa laifi. Sai dai gargaɗin jimla ɗaya ce cikin Turancin shari'a, ana karanta ta ga mutumin da ya gaji, wanda ba abin da yake so sai ya koma aiki kafin a kore shi.

Saboda haka baƙo yana buƙatar lauyoyi biyu, na laifi da na shige da fice, kuma na biyun ba a cika samun sa a gari irin namu ba. Sau da yawa sai an nufi Milwaukee, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi, ko Madison, fadar gwamnatin jihar, kuma kotun shige da fice da ke duba al'amuran wannan jiha tana Chicago. A wannan kotun gwamnati ba ta ba kowa lauya kyauta. Kotun laifi tana samar da tafinta ba tare da an biya ba, amma tafintan Hausa sai ta waya ake samun sa, wani lokaci kuma sai an ɗage zama an nemo. Ina ba mutanenmu shawara su nemi tafinta ko da suna jin Turancin kasuwa da na wurin aiki, kada kunya ta hana su. Kada kuma su sa hannu a kan takardar amsa laifi sai lauyan shige da fice ya karanta ta, ko da hakan zai sa a ɗage zama a ƙara kashe kuɗi, domin alƙali yakan ba da lokaci idan lauya ya nema da wannan dalili.