Hoton abinci don masu oda: wayarki ko mai kyamara?

Hajiya, na ga tambayarki tun daren jiya, na bari sai da na sauke tukunyar safe don in amsa miki a natse. Kin ce kin buɗe gidan abinci a Tudun Wada a nan Zariya, kina son saka jerin abincinki a WhatsApp da Instagram saboda masu oda daga gida, kuma kin rasa wanne za ki yi: ki ɗauki hotunan da wayarki, ko ki biya mai hoto ya zo da kyamara. Ni shekara shida ke nan ina sayar da abinci a Samaru, duka biyun kuma na gwada, don haka abin da ya ratsa ta hannuna zan faɗa miki.

Ki fara duba inda hoton zai ƙare. A fuskar waya mai saye zai gan shi, wataƙila ɗalibi ne a ɗakin kwanan jami'a, yunwa na cinsa, datarsa ta kusa ƙarewa. Instagram ya daɗe yana nuna hoto a faɗin ɗigo 1080, WhatsApp kuwa matse hoto yake yi ya rage masa nauyi kafin ya aika. Kyamarar Tecno ko Infinix ta 'yan shekarun nan ta wuce wannan ma'aunin nesa ba kusa ba. Saboda haka in dai maganar kaifin hoto ce kawai, babbar kyamara ba ta da wani fifikon da idon mai saye zai kama a ƙaramin allo.

Abin da kike biya wurin mai hoto na kirki shi ne sanin haske. Yana zuwa da fitilarsa mai lema, wadda ke baza haske ya sauka a hankali, don haka ko da daddare ne zai ɗauki kwano talatin su fito da launi iri ɗaya, kamar 'yan gida ɗaya. Waya ba ta da wannan gatan, hasken Allah ta dogara da shi. Sai dai mu a Zariya hasken Allah ba ya yi mana rowa, sanin lokacinsa ne aikin. Da tsakar rana, rana tana tsaye a ka, inuwa ta yi baƙi ƙirin a gindin kowace malmala, man da ke saman miya ya riƙa ƙyalli har ya rufe launinta. Ni tsakanin ƙarfe takwas da goma na safe nake ɗauka, ko bayan la'asar. Ina jan ƙaramin tebur kusa da taga, yadda hasken zai shigo ta gefe ko ta bayan kwanon, in jingina farin kwali a ɗaya gefen ya mayar da haske kan inuwar. In rana ta faɗo kai tsaye ta tagar, farin mayafi mara kauri nake ratayawa.

Kuma ki kashe ƙwan lantarkin ɗakin. Hasken rana yana wajen 5500 a ma'aunin launin haske na Kelbin, ƙwai mai ruwan ɗorawa yana wajen 2700, farin ƙwan LED da muka fi saye a kasuwa kuwa yakan kai 6500, ya ja zuwa shuɗi. In biyu suka haɗu a kan faranti ɗaya, wayar sai ta rikice, farin tuwon shinkafa ya fito rabi ɗorawa rabi shuɗi-shuɗi kamar ya kwana. Filashar waya ma ki manta da ita gaba ɗaya. Haka rumfar da aka rufe da tamfol mai launi, duk abin da kika ajiye a ƙarƙashinta launin tamfol ɗin zai ɗauka. Lokacin hunturu hazo yana tausasa haske, hoto ya yi kyau ko a tsakar gida, amma ƙura ba ta jira, minti kaɗan za ki ga ta sauka a bakin faranti. Idon kyamarar wayar kuma ki goge shi da ƙyalle mai laushi kafin kowane ɗauka, domin wayar mai girki ba ta rabuwa da maiƙo da tururi. Rabin hotunan da nake gani sun yi dishi-dishi, wannan ne ciwonsu.

Akwai wurin da kyamara ta fi waya, ba musu. Idon waya faɗi yake ɗauka, in kika matsa kusa sai gaban farantin ya kumbura, bayansa ya tsuke, cinyar kaza ta fi kwanon girma. Mai hoto yana amfani da gilashi mai milimita 50 ko 100, ya tsaya nesa, abincin ya fito daidai da surarsa, bayan kuma ya dusashe da kyau. Ga abinci mai tsayi, irin tsire da aka jera a tsinke, tulin masa, ko kofin zoɓo mai raɓar sanyi a jikinsa, aikinsa daban ne. Waya tana kwaikwayon wannan dusashewar, amma takan cinye bakin tsinke ko hannun cokali, abin ya fito kamar an yanka da reza. Dabarar da ke rage matsalar kumburin farantin ita ce ki ja da baya ki danna 2x, wato madannin da ke jawo abu kusa ninki biyu. In kuwa daga sama za a ɗauka, kai tsaye a kan faranti, kamar shinkafa da wake da mai da yaji, ko dambu, ko ɗanwake da yankan ƙwai da tumatir, to waya da kyamara kusan kunnen doki suke yi.

Inda waya ta yi wa kyamara fintinkau shi ne lokaci. Abincinmu ba ya jiran kowa. Masa in ta fito daga tanda, gefenta ya yi ja-ja, cikinta ya tashi, mai na sheƙi a jikinta, wannan kyan bai wuce 'yan mintuna ba sai ta fara kwantawa. Miyar kuka ta fi kowa saurin fushi: tana hucewa saman ta ya yi fata, launinta ya koma duhu. Hoton miyar kuka mafi kyau da nake da shi, da waya na ɗauke shi. Na kwashe tuwo ke nan, na zuba miyar a akushi, na ɗiga man shanu a tsakiya, yana narkewa yana zagayawa, tururi na tashi ta inda hasken taga ya ratsa shi. Wayar na aljihun atamfata, na zaro na danna sau huɗu. Har yau shi ne hoton da ya fi kawo min oda.

Ranar da na ɗauko mai hoto kuwa, mun yi da shi ƙarfe goma, bai iso ba sai bayan azahar. Kafin ya kafa fitilu ya gwada, kala goma sha biyun da na dafa duk sun huce. Sai da na sake ɗumama wasu, alkubus ya bushe, ganyen da ke kan farfesu ya yi laushi. Laifin har da nawa, da na dafa komai lokaci ɗaya. In za ki kira mai hoto, ki bari ya gama saita fitilarsa a kan faranti marar komai, sannan ki riƙa fito da abinci ɗaya bayan ɗaya daga wuta.

Abin da ya fi damuna a wannan aikin ma ba hucewar ba ce. Mai hoton ya zo da fararen tangaran nasa masu faɗi, ya ce a ƙara nama don hoto ya cika, na biye masa muka sa yanka biyar a kan dafa-duka. Ni kuwa yanka biyu nake sawa a wannan farashin, kuma a roba abincin ke zuwa wa mai oda. Sati bai zagayo ba wata baiwar Allah daga unguwar Kongo ta turo min hoton abin da ɗan acaɓa ya kai mata, ta jera shi da na jerin abincina, ta rubuta: "Anti, wannan ne wancan?" Wallahi kunya ta hana ni barci ranar. Gaskiyarta ce, hoton nan alkawari na yi mata ban cika ba. Washegari na sauke shi, na zuba dafa-dukar a robar da nake zubawa kullum, da yanka biyunta, na ɗauka a bakin taga. Waya ma tana iya jefa ki cikin wannan ramin, don wasu wayoyin suna ƙara wa abinci launi da kansu, jalof ta fito ja wur kamar an zuba mata kala. Ki kashe wannan gyaran, ki kwatanta abin da ke allo da abin da ke gabanki kafin ki saka.

Maganar kuɗi a bayyane take: waya tana hannunki, mai hoto kuwa biya ne duk zuwa, ga kuɗin cefanen abincin da za a dafa don hoto kawai. Jerin abinci kuma ba ya zama wuri ɗaya. Kabewa ta yi araha ki ƙara miyar taushe, azumi ya zo ki shigo da ƙosai da kunun tsamiya, jami'a ta tafi hutu ki rage kala. Kundin kaya na WhatsApp Business, wanda aka fito da shi a 2019, yana ɗaukar kaya har 500, kuma kina iya canza hoto duk sa'ad da kika so. Ba za ki riƙa kiran mai kyamara duk lokacin da kika ƙara kala ɗaya ba.

Shawarata ita ce ki fara da waya. Ki zaɓi taga ɗaya, tebur ɗaya, shimfiɗa ɗaya marar hayaniyar zane, ko faifai ko katako, ki ɗauki komai a nan a lokaci ɗaya na yini, don jerin ya yi kama da na gida ɗaya. In kasuwa ta buɗe har kina son buga babban allo a bakin titi ko takardar talla, a nan ne kuɗin mai hoto ke biyan kansa, domin hoton waya yakan fashe in an faɗaɗa shi sosai. Ki kira shi ya ɗauki kala biyar ko shida da aka san ki da su, waɗanda ba sa canzawa.

In ranar ta zo, ki ce ya nuna miki hotunan abinci da ya taɓa ɗauka. Gwanin hoton biki ba lallai ya iya abinci ba, hannunsa ya saba da haska fuskar amarya, kuma wannan gyaran yana wanke launin miya. Garin nan ba a rasa masu ido: Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen zane-zane da na aikin jarida, kuma a cikin ɗalibansu akwai masu kyamara da ke neman aikin da za su nuna. Ku rubuta yarjejeniya ko da a saƙon waya ne, cewa kina da ikon amfani da hotunan a duk inda kike talla, domin dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ba wanda ya ɗauki hoto haƙƙinsa tun farko, sai in an yi yarjejeniyar da ta saɓa wa haka. Wannan dokar ce kuma ta sa ɗauko hoton girkin wata daga intanet ki liƙa a jerinki zai iya jawo miki magana. Sannan ki ce ya turo miki hotunan a matsayin fayil, kada ya turo su yadda ake tura hoton gaisuwa, in ba haka ba WhatsApp zai matse abin da kika biya kuɗi a kansa.

Gobe da safe in kin sauke tuwo, ki ɗauki kwano ɗaya sau biyu, ɗaya a ƙarƙashin ƙwan kicin, ɗaya a bakin taga da farin kwali a gefe. Ki turo min su duka, ki faɗa min kuma wace irin waya ce, sai in nuna miki inda za ki kashe ƙarin launin nan.