Sharhi kan fayil ɗin tsayin ƙasa da wani ofishin zane ya haɗa mana a Katsina

Aikin na share fili ne da ciko a gefen hanyar Daura, inda za a yi rumbunan ajiya da harabar tsayuwar manyan motoci. Ofishin da ya yi zanen da manhajar zanen injiniyoyi ta Civil 3D yake aiki, kuma cikin kuɗin da aka biya shi har da fitar da bayanan tsayin ƙasa a fayil ɗin da safiyo zai loda a na'urarsa ya kafa fegi, mai gireda ya bi. Kan wannan hidimar nake magana, ba kan zanen kansa ba.

Abin da suka fara turowa CSV ne, jerin ɗigo da lambobinsu. Nan ran kowa ya fara ɓaci. Civil 3D yana gina fuskar ƙasa da alwatika, kowace alwatika ta haɗa ɗigo uku, kuma mai zane yana tilasta wa alwatikan bin wasu layuka: bakin lambatu, gindinsa, gefen titi, ƙafar gangare. CSV ɗigo kawai yake ɗauka, ba ya ɗaukar yadda aka haɗa su. Da ya shiga na'urar safiyo sai ta sake ɗinka alwatikanta yadda ta ga dama, tana neman ɗigo mafi kusa. Lambatun da ke bin katangar gabas zurfinsa mita ɗaya ne, amma ɗigon gindinsa suna da tazara, saboda haka a wurare da yawa na'urar ta haɗa bakin nan da bakin can kai tsaye, ta tsallake gindin. A allo sai ka ga lambatu ya nutse, ya taso, ya sake nutsewa kamar bayan raƙumi. Da an haƙa a haka, ruwan Agusta sai ya kwanta a kowane rami. Filin kuma yana da kusurwa mai shiga ciki, inda gonar maƙwabci ta ci. Iyakar da aka yanke a ofis ba ta biyo CSV ba, sai dogayen alwatika sirara suka rufe gonar mutum, lissafin ciko ya kumbura da ƙasar da ba tamu ba.

Da aka yi musu magana ba su yi gardama ba, suka sake turowa a LandXML, kuma a nan na yaba musu ƙwarai. Wannan tsarin yana ɗauke da ɗigon da kuma alwatikan, saboda haka abin da injiniya ya gani a kwamfutarsa shi safiyo zai gani a fili. Rubutu ne zalla, ko da Notepad za ka buɗe shi. A sama akwai ma'auni, mita ko ƙafa. Ƙasa da shi jerin ɗigo, kowanne da lambar Arewa, sai ta Gabas, sai tsayi, a wannan jerin. Sai jerin alwatika, kowace da lambobin ɗigonta uku. Lambatu ya fito miƙe da gangarensa, kusurwar gona ta koma fanko. Abu ɗaya da za a sa wa ido: alwatikan da aka ɓoye, kamar na ƙarƙashin gini, wani lokaci suna nan cikin fayil da alamar ɓoyewa, kuma ba kowace manhaja ke mutunta alamar ba. A duba allo kafin a fita rana.

Tun da an taɓo lambar Arewa da ta Gabas: duk wanda zai karɓi CSV ya tambaya PNEZD ne ko PENZD, wato lambar Arewa ce ke gaba ko ta Gabas, don musanya biyun na jefa fili wata duniya. A nan gane shi ba wuya. Katsina da Daura duk suna shiyya ta 32 a tsarin UTM, mai raba taswirar duniya shiyya-shiyya. Lambar Arewa tana da alƙaluma bakwai, tana farawa da 14. Ta Gabas shida ce, a birnin Katsina tana farawa da 3, a Daura da 4. Kallo ɗaya ya isa.

Da a nan aka tsaya da na ce kowa ya je wurinsu. Amma da aka ɗora sabon fayil kan alamomin da ke fili sai tsohon haushi ya dawo, har ya fi na farko.

Fuskar da suka fitar ta saman kwalta ce, wato inda aiki zai ƙare. Mai aikin ƙasa ba wannan yake nema ba. Shi yana son matakin fomeshan, inda gireda za ta tsaya kafin a fara shimfiɗa. A zanensu da hannunsu sun rubuta jar ƙasa milimita 150, niƙaƙƙen dutse 150, kwalta 50. Jimla 350. A kowace hekta, santimita 35 na nufin kubik mita 3,500. Wanda ya bi fayil ɗin ido rufe zai yi wannan cikon a banza, ya biya tifa, ya biya rola da tankar ruwa, sannan ya dawo ya kankare. Kuma ba a ce a rage 350 daga ko'ina a huta ba, domin kaurin ƙarƙashin rumbu daban, na haraba daban, lambatu kuma ba a taɓa shi. Gyaran na ofis ne: a kwafi fuskar, a saukar da kowane yanki da kaurinsa, a haɗe su a fuska ɗaya, a sa mata suna da kowa zai gane. Sunan fayil ɗinsu ko alamar wace fuska ce babu. Haka ƙasar sama da ake kwashewa kafin ciko, mai saiwoyi da taki, ba su cire ta daga fuskar ƙasa ta asali ba. In an kwashe santimita 15, cikon ya ƙaru da kubik mita 1,500 a hekta, kuma lissafinsu bai san da shi ba.

Sai batun tushen awo, wato ginshiƙin da ake auna lambobin wuri daga kansa, wanda shi ne ya fi ba ni takaici domin layi ɗaya na rubutu zai magance shi. Yawancin tsofaffin takardun safiyo a Najeriya kan tushen Minna suke, na'urorin GPS kuwa da WGS 84 suke tashi. Duka biyun suna da shiyya ta 32, lambobinsu sun yi kama, amma a ƙasa bambancinsu ya haura mita ɗari. Wurin da za a rubuta tsarin a fayil ɗin an bar shi fanko, domin ba su saita shi a zanen ba tun farko. Tsayi ma haka. Wanda GPS ke bayarwa ɗanye, ba tare da gyaran jiyoid ba, ya bambanta da tsayi daga matakin teku da kusan mita 20 a wannan yankin. Kuskuren mita 20 ba ya ɓuya, nan take za a gani. Mai haɗari shi ne na santimita kaɗan, inda safiyon ofis ya ɗauki wata alama, na ɗan kwangila ya ɗauki wata. Da aka tambayi injiniyan wace alama suka yi amfani da ita, amsarsa ita ce, "Yallaɓai, ai safiyonku ya sani." Bai sani ba, kuma ba aikinsa ba ne ya yi duba. Alamomi uku aƙalla ya kamata su biyo fayil, kowace da lambobinta uku da bayanin inda aka dasa ta.

Sun haɗo da GeoTIFF, wato hoton tsayin ƙasa da aka raba murabba'i-murabba'i, a matsayin ƙari, na tazarar mita 5. Don kallon inda ruwa ke gangarawa a manhajar taswira ta QGIS ya yi. Don kafa fegi bai yi ba, tunda tsayi ɗaya yake ɗauka a kowane murabba'i, lambatu mai faɗin mita ɗaya kuwa sai ya faɗa tsakanin ɗigo biyu ya ɓace. In an rage tazarar zuwa rabi, yawan ɗigon ya ninka huɗu, kuma duk da haka gefen titi ba zai fito da kaifinsa ba.

Lanƙwasar mashigar motoci ma ta fito da kusurwoyi, saboda tazarar da manhajar ke yanka baka da ita an bar ta da faɗi. A saukar da ita zuwa santimita ɗaya ko biyu kafin a ƙara layin a fuska.

Zanen nasu mai kyau ne, kuma suna ɗaga waya, wannan ba zan hana su ba. Amma wanda zai ba su aiki ya rubuta a takardar yarjejeniya cewa LandXML yake so, fuskar asali bayan kwashe ƙasar sama daban, ta fomeshan daban, ta ƙarshe daban, da sunan tushen awo da alamomi. Kafin katafila ta motsa, safiyo ya zaɓi wurare goma, har da gindin lambatu da kusurwoyin rumbu, ya kwatanta tsayin da na'urarsa ta nuna da wanda ke kan takardar zane. In bambanci ya wuce santimita biyu, a mayar musu da fayil ɗinsu, kuma kada a biya cikon kuɗin sai sun gyara.