Tsabtar mai giya a Asti da robar zoɓonmu

Ba na shan giya, ba na kuma ɗaukar ta, dattijon da nake haya a gidansa kusa da Asti, arewacin Italiya, ya san da haka. Na sauka ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa ne ɗauko kekena, na tarar yana juye giyar inabin da ya haɗa da kansa. Na kai hannu zan kawar da tiyon da ke gabana, ya daka mini tsawa: kada in taɓa, an riga an wanke. Abin ya yi mini ciwo, amma na tsaya kallo.

Manyan kwalabe ne masu ciki kamar tulu, kowace tana cin lita 54. Cikakkiyar tana bisa benci, wadda za a zuba wa tana ƙasa. Kwalba, tiyo, murfi, duk ya ɗauraye su da ruwan wani farin gari, metabisulfit, mai kashe ƙwayoyin cuta. Ba ya zuƙar tiyo da baki yadda 'yan bumburutu ke yi, akwai ɗan famfon hannu. Bakin tiyon na sama ba ya taɓa gindi, don kada ya kwaso guiɓar da ta kwanta. Na ƙasa kuwa yana nutse, kada ruwan ya yi ta fantsama yana shan iska. Iska da ƙananan ƙudajen 'ya'yan itace su ke mayar da shi ruwan tsami, shi ya sa yake cika kwalbar har wuya. Tiyon ma ba kowane ba: jikinsa akwai tambarin kofi da cokali mai yatsu, alamar an yi shi don abinci. A shagon kayan noma na ƙauyen ake sayen duk wannan, kuɗi kaɗan.

Nan zoɓo sai a 'yar jakar shayi, salam, ba citta ba kanumfari. Wallahi ina kewar na gida mai sanyi da la'asar. Amma jama'a, a wace roba muke ɗura shi? Wadda yara suka tsinto a tasha da wurin biki, bakin wani ya riga ya taɓa, a girgiza ta da ruwan bokiti ɗaya, a zuba kunun aya, a ajiye a rana. Man gyaɗa kuma a jarkar da ba wanda ya tambayi abin da ta fara ɗauka. Mu da muke cewa tsabta cikon addini, abin halal ɗinmu muke yi wa haka, kuma 'ya'yanmu ne ke saye a ƙofar makaranta.