Didot ko Bodoni: wanne zai jure injinan Shomolu?

Hajiya, kin ce za ki buga ƙaramar mujallar ɗinkunan Sallah na shagonki da ke Agege, mai zane ya turo miki salon haruffa biyu, Didot da Bodoni, ke kuma a idonki duk ɗaya ne. Ba laifin idonki ba ne, 'yan zamani ɗaya ne. Firmin Didot ya sassaƙa nasa a Faransa a ƙarshen ƙarni na 18, Giambattista Bodoni kuma yana nasa aikin a garin Parma na Italiya. Bayan rasuwar Bodoni matarsa ta fitar da babban kundin haruffansa a 1818. Dukansu sandar tsaye mai kauri ce, layin kwance kuma siriri kamar zare.

Bambancin yana wurin zaren nan. Na Didot ya fi sirantaka, 'yan ƙafafun da ke ƙarshen harafi a miƙe suke tamkar an ja da reza. Shi ya sa mujallun kwalliya irin su Harper's Bazaar suka riƙe shi: a babban take, kan takarda mai sheƙi, yana da kwarjini. Amma ki rage girmansa ki gani. Zaren sai ya tsinke, harafin "e" ya koma kamar "c". Idan kuma farin rubutu ne a kan baƙi ko shuɗi mai duhu, tawada na malalowa ta cinye siririn layin. Na taɓa karɓo katin biki daga wata maɗaba'a a Shomolu, unguwar masu ɗab'i a Legas, sunan amarya ya fito rabi da rabi, ranar nan na sha magana.

Bodoni, musamman Bodoni MT da ke zuwa cikin Microsoft Office, ya fi jiki. Bai kai Didot yanga ba, amma yana jure injin da ya ɗan gaji da takarda mai araha. Ni shi zan ɗauka don kanun shafuka. Didot in kin nace, bango kawai, da girma sosai. Farashi da lambar waya kuwa kada a sa su da ko ɗaya daga cikinsu, a nemi harafi mara ado.

Kafin duk wannan, ki sa mai zanen ya rubuta miki "Ƙawa, ɗinki, ɓarawo" da kowanne. Yawancin tsofaffin haruffan Turai ba su da ƙ, ɗ da ɓ, sai kwamfuta ta aro daga wani salon, ki ga harafi ɗaya ya fita zakka a tsakiyar kalma. In hakan ta faru, ya gwada Noto Serif Display na Google. Kyauta ne, yana da wannan kauri da sirantakar, kuma masu lanƙwasar namu suna ciki. Sannan ki nemi su buga miki shafi ɗaya na gwaji a kan ainihin takardar kafin ki biya kuɗin aikin duka.